Jan tirelar jirgin ruwa a kan titi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne ke yawan fitowa daga bakin masu ɗaukar jirgi mai inji daga wani ruwa zuwa wani: masuntan tafkin Kainji da Jebba da Shiroro, masu fito a Yawuri, ma'aikatan agaji da ake turawa da jirgi lokacin ambaliya, da wanda ya sayo jirgin faiba a Legas yana son kawo shi Arewa. Kusan dukkansu sun san jirgi, sun san mota. Tirelar da ke tsakanin biyun ce marainiya, kuma daga gare ta akasarin matsalar ke ɓullowa.

Wace tirela ake nufi a nan?

Ba irin ta dakon siminti ba. Ƙaramar tirela ce mai taya biyu ko huɗu, mai dogon wuya, da ake ɗora jirgi a kai a maƙala ta a bayan Hilux ko wata mota mai ƙarfi. Wasu na ce mata amalanken jirgi. Dogon kwale-kwalen katako da ya zarce tsawon tirela ba ya cikin wannan magana. A nemo masa babbar mota a loda shi.

Kowace mota za ta iya ja?

Ta motsa da tirela daga inda take tsaye, kusan kowace mota za ta iya. Abin tambaya shi ne ko za ta iya tsayar da ita, ko kuma ta haye tudu da ita ba tare da inji ya tafasa ko kuloci ya ƙone ba. Kamfanin da ya ƙera motar ya rubuta iyakar nauyin da za ta ja a littafin motar, kuma adadin biyu ne: na tirela mai birki, da na marar birki, wanda ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan littafin ya ɓata, ana samun adadin a intanet da sunan motar da shekararta.

A kuma duba inda aka kafa ƙugiyar ja. Wajibi ne ta kama shasin mota da manyan notuna. Ƙarfen da mai walda ya liƙa a jikin bamba na ado ne, zai yage a ramin farko mai zurfi.

Yaya zan san nauyin abin da nake ja?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tambayi nauyin jirgi kawai. A ce jirgin faiba ne mai kilo 350. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya kai kilo 70 da ɗoriya. Tirelar kanta a ce kilo 200. Jarka huɗu ta fetur mai lita 25 kowace, wajen kilo 75 ke nan. Ƙara batir, anga, raga, igiyoyi da akwatin ƙanƙara, sai ka ga ka haura kilo 750 alhali kana ganin jirgin “babu komai a ciki”. Idan akwai sikelin manyan motoci a kusa, irin na kamfanonin shinkafa ko wuraren fasa dutse, hau da tirelar sau ɗaya ka huta da ƙiyasi.

Sai ruwa, wanda ba ya shiga lissafin kowa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jirgin da cikinsa ya kai tsawon mita 5 da faɗin mita ɗaya da rabi, idan ruwan sama ya kwanta a ciki zurfin santimita 5 kacal, ka ƙara kilo 375. Kuma nauyi ne mai yawo: ka taka birki ya kwararo gaba, ka hau tudu ya koma baya. Saboda haka a cire toshiyar magudanar jirgin kafin a kama hanya, musamman da damina. A rataye ta kusa da makullin mota don kada a manta da mayar da ita a bakin ruwa.

A ina ya kamata nauyin ya zauna a kan tirela?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Dole wani kaso na nauyin ya danne ƙugiyar mota. Ga tirelar jirgi, abin da aka saba bi shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na jimillar nauyi. Idan duka-duka kilo 800 ne, to wuyan tirelar ya danne da kilo 40 zuwa 80. Aunawa ba wuya: a tsaida tirelar a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa waji a tayoyi, a ɗora wuyan a kan sikelin da ake auna buhun masara, a tsaye daidai da tsayin ƙugiyar mota.

Jirgi ya bambanta da sauran kaya saboda abin da ya fi nauyi a jikinsa, wato inji, can ƙarshen baya yake. Idan kuma aka jibge jarkoki da raga kusa da injin, sai wuyan tirela ya yi sakayau, har yaro ya iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Masu lodi kan ji daɗin haka, su ce “ai ta yi balas”. Ba ta yi ba. Wannan sakayau ɗin shi ne mafarin lilon da za a yi bayaninsa a ƙasa, a tambayar kaɗa wutsiya. Gyaransa shi ne a matso da kaya gaban tayoyin tirela, ko a gusa da sandar da hancin jirgi ke jingina da ita gaba kaɗan.

Idan kuma nauyin ya yi yawa a gaba, bayan mota zai durƙushe, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa. Ka ja baya ka kalli mota da tirela daga gefe: ya kamata su miƙe a layi ɗaya.

Bakin tirela ya hau kan ƙwallon ƙugiya, amma yana ɗan motsi. Akwai damuwa?

Akwai. Ƙwallon shi ne dunƙulallen ƙarfen da ke kan ƙugiyar mota, bakin kuma shi ne ƙoƙon da ke ƙarshen wuyan tirela mai hawa kansa. Motocinmu na hannu galibi daga wurare biyu suke zuwa, kuma ma'auninsu ba ɗaya ba. Ƙwallon motocin Turai milimita 50 ne. Na Amurka kuwa da inci ake auna shi: inci 1 da 7/8, inci 2, ko inci 2 da 5/16. Inci 2 ya yi daidai da milimita 50.8, wato ido ba zai raba shi da na Turai ba, amma bakin milimita 50 ba ya zama daidai a kansa. Mafi muni shi ne bakin inci 2 a kan ƙwallon 1 da 7/8: zai hau, zai ma yi kamar ya kulle, sai an daki tudun rage gudu ya tsallake ya fita. Galibi an buga girman a saman ƙwallon da kuma jikin bakin; a goge tsatsa a karanta.

Bayan an kulle, a soka fil ko kwaɗo a maƙullin, sannan mutum biyu su yi ƙoƙarin ɗaga wuyan tirelar sama. Idan bayan mota ya biyo shi, ya kama.

Me ya sa ake gitta sarƙoƙi a ƙarƙashin wuyan tirela?

Don idan baki ya kuɓuce, wuyan ya faɗo a kan gicciyen sarƙa maimakon ya caki kwalta ya wuntsilar da tirela. Sarƙar dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama, a maƙala su a jikin ƙarfen ƙugiya, ba a wuyan ƙwallon ba. Su yi sassaucin da za a iya shan kwana, amma kada su ja ƙasa. Igiyar roba ba ta maye gurbin sarƙa.

Igiyar da ake jawo jirgi kan tirela da ita ba ta isa ta riƙe shi ba?

Aikinta jawowa ne, ba riƙewa ba. Haƙoran abin naɗa ta kan ci, su saki. A ƙara wata sarƙa ko bel daga zoben hancin jirgi zuwa ƙasa a jikin tirela, sannan bel biyu a baya, ɗaya kowane gefe. Jirgin da ba a ɗaure bayansa ba yana tsalle a kowane rami, yana faɗowa a kan ƙarfe, kuma haka faiba ke tsagewa ba a sani ba sai an shiga ruwa. Idan aka taka birki da ƙarfi kuwa, yana iya hayewa ya biyo bayan motar.

Bel mai ƙarfen ɗaurewa ya fi igiya, domin igiya na miƙewa. Inda bel ya gogi kaifin jirgi a sa tsumma ko yankin tsohon tiyub. Bayan tafiyar kilomita 15 zuwa 20 a tsaya a sake ɗaurewa. Kullum sai an samu wanda ya saki. Duk abin da iska za ta iya ɗauka, irin su rigunan ruwa da bokiti da filafili, a sa a mota ko a ɗaure. Tamfol da bai ɗauru ba gara babu shi.

Injin fa, a bar shi a jikin jirgi ko a cire?

Ƙaramin inji da mutum biyu za su ɗauka, a cire shi a sa a bayan mota. Ya fi sauƙi ga allon bayan jirgi, ya kuma gyara rabon nauyin da aka yi magana a sama. Idan mai zagaye huɗu ne, wato wanda ba a gauraya masa baƙin mai da fetur, a kwantar da shi ta gefen da kamfani ya nuna, in ba haka ba baƙin mai zai malala cikin silinda. Babban inji a bar shi, a ɗaga ƙafarsa yadda ba za ta daki ƙasa ba, a tokare ta da ƙarfe ko katako zuwa jikin tirela. Ɗan maƙullin da ke riƙe inji a ɗage an yi shi ne don jirgi yana tsaye a ruwa, ba don ramukan hanyar Kontagora zuwa Yawuri ba. A ɗaura jan ƙyalle a farfela domin na baya ya gane inda kayanka suka ƙare.

Tayoyin tirelata ba su cinye ba. Me zai sa in canza su?

Tayar tirela ba ta mutuwa da tafiya, da zama take mutuwa. Tana iya yin wata takwas a rana a bayan gida, gefenta ya tsattsage, zanenta kuwa sabo fil. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kan gargaɗi direbobi cewa shekara huɗu ce wa'adin taya, kuma ga tirelar da ke kwana a rana wannan shawara ce mai kyau.

A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. Ƙaramar taya ta fi ta mota yawan juyawa a tafiya ɗaya, don haka ta fi saurin ɗaukar zafi, kuma ƙarancin iska ne ke fasa ta. Ka riƙe safaya ta tirelar kanta, da jak da zai shiga ƙarƙashinta, da sifanar da ta dace da notunanta. Mutane da yawa sai a daji suke gano cewa sifanar mota ba ta kama notin tirela.

Me ya sa boris ɗin tirelar jirgi ke saurin lalacewa?

Saboda ita kaɗai ce tirelar da ake tsomawa a ruwa. Ka yi tafiyar awa uku, cibiyar taya ta ɗauki zafi, ka iso ka zarce da ita cikin ruwan sanyi. Iskar da ke ciki ta tsuke, ta zuƙo ruwa da yashi ta bakin robar da ke tare giris. Sai a ajiye tirelar wata da watanni, tsatsa ta yi aikinta. A tafiya ta gaba boris, wato ƙarafan da taya ke juyawa a kansu a cikin cibiyar, ya ƙone, wani lokaci taya ta fice gaba ɗaya ta wuce ka a guje.

Maganin ba tsada. Idan ka iso bakin ruwa, ka ba ta kamar minti 20 ta huce. Dama kana da aikin kwance bel da mayar da toshiya. A yi amfani da giris mai jure ruwa, a sa makanike ya buɗe ya wanke ya sake cusawa aƙalla sau ɗaya a shekara. Kafin doguwar tafiya a ɗaga kowace taya a juya ta: ƙarar gurza ko girgiɗi alama ce. A hanya kuwa, duk tsayawar da ka yi, kai bayan hannunka kusa da cibiyar tayar. Ɗumi ba komai, amma idan ba ta taɓuwa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi, kada ka ci gaba. Saitin boris na ajiya da gwangwanin giris ba sa cin wuri a mota.

Dole ne tirela ta kasance da fitilu, ko da rana zan yi tafiya?

Dole ne. Jirgin ya rufe fitilun motarka, na bayanka ba ya ganin birkinka balle sigina. Kuma tafiyar da aka shirya ta rana sau nawa take kaiwa dare? Ga hazon hunturu, ga ruwan sama. A nan ma bambancin Turai da Amurka na nan: soket ɗin Turai mai baki 7 ne ko 13, na Amurka da aka fi gani mai baki 4 ne, kuma a cikinsa birki da sigina waya ɗaya suke bi. Mai wayarin mota zai haɗa maka su. Idan fitilu na kamawa suna saki, fara da wayar da aka ɗaura a jikin ƙarfe, can tsatsa ke taruwa. Dabara mai kyau ita ce a kafa fitilun a jikin katako da ake ɗaurawa a bayan jirgi, a cire shi kafin a shiga ruwa.

Tirelata ba ta da birki. Har wane nauyi zan iya ja da ita?

A ƙasashen Turai iyakar tirela marar birki kilo 750 ce, kuma ma'auni ne mai kyau a ara, sai dai idan littafin motarka ya faɗi ƙasa da haka, to shi za ka bi. Koma ga lissafin da aka yi a tambayar nauyi ka ga yadda jirgi matsakaici ke cimma wannan adadi. Yawancin tirelolin jirgi masu birki suna kamawa ne da kansu: idan mota ta rage gudu, tirela ta turo wuyanta, turowar ce ke danna birkin. Wasu irinsu kan cije idan ana ribas a hawa, sai an sa fil ɗin da ke hana su. Kada a manta da cire fil ɗin kafin a hau titi.

Wane gudu ya dace?

Dokokin hanya na Najeriya sun ba ƙaramar mota ta gida kilomita 100 a awa a babban titi mai hannu biyu, amma tankoki da tireloli 60 aka ba su. A ganina mai jan jirgi ya ɗauki kansa a sahun na biyun, ko da Hilux sabuwa yake tuƙi. Idan gudu ya ninka, nisan da ake buƙata kafin a tsaya ninki huɗu yake yi, ga kuma kusan tan guda yana tura ka daga baya. Bar tazarar aƙalla daƙiƙa huɗu tsakaninka da na gaba. Za a yi ta shiga tazarar, za a yi maka hon. Ka sake buɗe ta.

Tirela ta fara kaɗa wutsiya a bayana. Me zan yi a lokacin?

Ɗage ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ka bar motar ta rage gudu da kanta. Kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka yi ƙoƙarin bin lilon da sitiyari, domin hannunka ba zai taɓa yin daidai da shi ba, sai dai ka ƙara masa ƙarfi. Akwai masu cewa a ƙara wuta tirela ta miƙe. Ban yarda da wannan ba: gudu ne ya haifar da lilon, kuma idan dabarar ta ƙi, haɗarin zai same ka a gudun da ya fi na farko.

Da ta lafa, ka sauka gefe ka nemo dalili. Kusan kullum ɗayan uku ne: nauyi ya koma baya, ruwa ya taru a jirgi, ko taya ta rage iska. Iskar babbar mota da ta wuce ka takan tayar da lilo, amma tirelar da aka yi wa lodi daidai takan daidaita nan take.

Me ke canzawa a kwana, gangara da wuce mota?

Tayoyin tirela sun fi na mota yanke kwana, saboda haka ka ƙara shiga gaba kafin ka karya sitiyari, in ba haka ba ta faɗa kwalbati ko ta kwashe teburin mai lemo. A cikin gari ka kula da 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu. Sukan kutso tsakanin mota da jirgi ba su lura da wuyan tirela ba. A gangara sa ƙaramar giya tun daga sama, kada ka kwanta a kan birki har ya ƙone. Wuce mota kuwa sai ka ga fili mai tsawo, kuma kada ka dawo hannunka sai ka hango gaban motar da ka wuce a madubi, bayan jirgin. Idan jirgin ya fi motar faɗi, a ƙara madubi mai dogon hannu.

Ribas ya gagare ni. Akwai dabara?

Kama sitiyari daga ƙasa. Inda kake son bayan tirela ya nufa, can za ka kai hannunka. Kaɗan-kaɗan, a saurin tafiyar ƙafa. Idan ta fara lanƙwashewa sosai, kada ka yi gardama da ita, ja gaba ka miƙe ka sake. Mutum ɗaya tak zai tsaya inda kake ganinsa a madubi yana yi maka ishara, don a bakin ruwa kowa malami ne. Ka je filin ƙwallo ranar da babu kowa ka gwada na awa ɗaya.

Yawancin wurarenmu babu gangaren siminti. Yaya ake sauke jirgi a laka?

Sauka ka taka wurin da ƙafa tukuna. A tafkunan madatsun ruwa irin Kainji da Tiga ruwa na ja da baya da rani, ya bar laka mai busasshen sama da ruɓaɓɓen ciki; inda aka sauke jirgi a watan Oktoba ba lallai ya ɗauki mota a watan Afrilu ba. Tambayi masuntan wurin inda ƙasa ke da ƙarfi. Kada tayoyin bayan mota su shiga ruwa. Idan gaɓar ta yi laushi, a bar motar a kan tudu, a kwance tirela a sauke ta da doguwar igiya mai ƙarfi, kowa ya kauce daga bayanta da kuma layin igiyar.

Igiyar hancin jirgi ita ce ta ƙarshen kwancewa, sai tirela ta shiga ruwa. Duk lokacin da direba zai fito, ya ja birkin hannu, a sa waji. Bayan an fito da tirela a cire kainuwa da sauran ciyayin da suka maƙale, a watsar nesa da ruwa. Wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja da Nguru ba zai so ya zama shi ya kai wata ciyawa wani tafki ba.

Yara ko abokan aiki za su iya zama a cikin jirgi ana jan sa?

A'a, ko daga gida zuwa bakin ruwa ne. Babu abin riƙewa, motsinsu na sauya rabon nauyi, kuma idan tirela ta kuɓuce ba su da mafita.

Waɗanne takardu zan riƙe, kuma me zan yi idan na lalace a hanya?

Ban da lasisi da takardun mota, ka riƙe rasiɗin jirgi da na inji mai ɗauke da lambar injin, domin jirgi a kan titi na jan ido a kowane shingen bincike. Idan ka yi wa jirgin rajista da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, sa takardar a ciki. Batun lambar tirela ka je ofishin lasisi na jiharka kafin ranar tafiya. Fetur da yawa a jarkoki na jawo tambayoyi, ga haɗarin gobara. In zai yiwu ka saya a garin da ya fi kusa da ruwan.

Idan ka lalace, fitar da mota da tirela gaba ɗaya daga kan kwalta, kunna fitilun gargaɗi, ka kafa alamar nan mai kusurwa uku can nesa a baya, nesa fiye da yadda ka saba tunda jirgin ya kare fitilun motar. In taya za a canza, a bar tirelar a maƙale da mota don kada ta gangara daga kan jak, a sa waji a ɗaya gefen, a ɗora jak a kan katako idan ƙasar yashi ce. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.